Tambayi Mai Sutudiyo: Wa Ya Taɓa Gangar Tsohon Faifai?

TAMBAYA daga unguwar Bukoki, Yamai

Salamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdu Mumuni, da yamma kuma ina koyon gita wajen wani maƙwabcinmu. Yayana ya ba ni waƙoƙin wata ƙungiyar Amurka mai suna ZZ Top a kart memuwar, sai na tarar da waƙarsu "La Grange" iri biyu a ciki. Murya ɗaya ce, gita ɗaya ce, amma ganga ta sha bamban. A ɗaya gangar a bushe take, a ɗayar kuwa kowane bugu sai ya yi tsawa. Abokaina na fada sun ce mai tsawar ce ta asali tunda ta fi ƙarfi. Wacce ce ta gaskiya, kuma me ya sa ake da biyu?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Kunnenka lafiya lau yake, ka riƙe shi da kyau, don shi ne jarin makaɗi tun kafin yatsu. Busasshiyar ita ce ta asali, ta 1973. Mai tsawar a 1987 aka sake haɗa ta, shekara goma sha huɗu bayan fitar waƙar. Abokanka ƙarfi ne ya ruɗe su, kuma ba su kaɗai ba, kusan kowa in ka kunna masa abu biyu, wanda ya fi ƙara shi zai zaɓa.

ZZ Top mutum uku ne, ƴan birnin Houston a jihar Teksas: Billy Gibbons mai gita da waƙa, Dusty Hill mai bas, Frank Beard mai ganguna. Tun 1970 suke tare su ukun, ba wanda ya fita ba wanda ya shigo, har Dusty Hill ya mutu a 2021. Faifansu na farko ya fito a 1971, Rio Grande Mud a 1972, Tres Hombres a 1973, wanda "La Grange" ke ciki, sai Fandango! a 1975 da Tejas a 1976. Kiɗansu na waɗannan shekaru salon bulus na Amurka ne da aka ƙara wa wuta, ba ado, ba tarkace.

A 1983 suka fitar da Eliminator, suka shigo da sintesaiza da na'urar ganga, ga bidiyo masu jar mota da tashar MTV ta riƙa nunawa ba dare ba rana. Faifan nan ya haura kwafi miliyan goma a Amurka kaɗai. Afterburner na 1985 ya ƙara nutsewa cikin na'ura. A daidai wannan lokaci faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ya fara korar faifan garmaho, kamfanoni na rige-rigen juye tsofaffin kayansu a kansa. Yadda nake karanta lissafinsu, sun ga miliyoyin mutane sun san ZZ Top ne ta Eliminator, suka ji tsoron kada wanda ya sayi tsohon faifai ya ji shi a bushe ya ce ba su ba ne. Saboda haka a 1987 kamfanin Warner Bros. ya fitar da wani kunshi mai suna Six Pack, faifai shida a cikin CD uku. Biyar na farkon nan da na lissafa maka aka sake haɗa su, aka yi wa gangunan kwalliyar zamanin, na shidan kuwa, El Loco na 1981, aka bar shi yadda yake.

Za ka ce ta yaya ake canza ganga a waƙar da aka riga aka gama. A manyan sutudiyo na wancan zamani ana ɗaukar kiɗa a kan faffaɗan tef mai layi da yawa, takwas, sha shida, daga baya ashirin da huɗu. Murya da layinta, bas da nasa, babbar gangar ƙafa da nata, ƙaramar gangar tsakiya da makaɗanmu ke ce wa kes kilar ita ma da nata. Bayan an gama ɗauka, mai haɗa sauti zai zauna gaban teburinsa ya auna wa kowane layi rabonsa, wannan ya hau, wannan ya sauka, sannan ya juye duka a kan tef mai layi biyu, hagu da dama. Wannan juyin shi ne faifan da duniya ta sani. Amma muddin faffaɗan tef ɗin na nan a ajiye, ana iya ɗauko shi bayan shekara ashirin a sake rabo tun daga tushe. In aka tsaya kan tef mai layi biyu kawai aka share shi aka daidaita ƙararsa, rimasta ke nan, waƙa ba ta canza jiki ba. In aka koma wa faffaɗan tef aka sake rabo, rimis ke nan, kuma a nan ne hannu ke iya yin gyara, ke iya yin ɓarna.

Ita tsawar da kake ji tana da asali. A sutudiyon Townhouse na birnin Landan, lokacin da ake ɗaukar faifan Peter Gabriel na uku wanda ya fito a 1980, Phil Collins ne ke buga ganguna, Hugh Padgham ke kan tebur. Akwai wani makirufo da aka rataya don kawai a riƙa jin maganar makaɗa daga ɗakin haɗa sauti, an ɗora masa na'urar da ke matse sauti ƙwarai. Ta cikinsa aka ji gangar Collins ta kumbura ta cika ɗaki. Suka haɗa wannan da wata na'ura mai datse sauti da zarar ya fara raguwa, sai ya zama bugu ya fashe da amsa-kuwwa mai girma, kafin ka ƙifta ido an yanke wutsiyarsa. Collins ya kai salon nan cikin waƙarsa "In the Air Tonight" a 1981, daga nan kowa ya ce shi ma sai an yi masa. A shekarun nan ne kuma na'urorin ganga suka fito: Linn LM-1 a 1980, wadda ke ɗauke da sautin gangunan gaske da aka naɗa a cikinta, ana sayar da ita wajen dalar Amurka dubu biyar, Roland TR-808 ita ma a 1980, sai gangunan lantarki na Simmons masu kusurwa shida a 1981. Masu haɗa sauti suka koyi wata dabara kuma, su sa bugun makaɗi da ke kan tef ya zama kamar maɓalli, duk sanda sandarsa ta sauka sai na'ura ta saki nata sautin a wurin. Lokacin bugun nasa ne, amon kuwa ba nasa ba.

Yanzu ka sa abin ji a kunne biyu, kada ka saurara ta lasifikar salula. "La Grange" tana farawa ne da Frank Beard yana ƙwanƙwasa bakin ganga da sanda, ƙas-ƙas-ƙas, gita na tafiya a ƙasa, Gibbons na gunaguni da murya. Sai ganga ta yi juyi, kowa ya faɗo. Ka kasa kunne a wannan shigowar. A ta 1973 za ka ji ba bugu biyu da suka zo daidai da juna, wani ya danna, wani ya shafa kawai ya wuce, kuma waɗannan ƙananan na tsakani su ne ke sa kiɗan rangaji. A ta 1987 manyan bugun sun kumbura, wutsiyarsu ta rufe ƙananan, gita da ya kamata ta tsaya a gabanka sai ta koma bayan ganga. Ka saurare su bi da bi, ka rage ƙarar mai tsawar har su zo ɗaya, sannan ka kira abokanka su sake zaɓe.

Ni ban ga laifin na'ura a Eliminator ba. Waƙoƙin ciki a kan na'ura aka gina su, gita ta san da ita, murya ta san da ita, kuma faifai ne mai daɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne a ɗauki aikin da mutane suka gama da hannunsu a 1973 a sanya masa amon 1987, sannan na asalin ya ɓace daga kasuwa. Kusan shekara ashirin wanda duk ya sayi Tres Hombres a CD, mai tsawar ya saya. Yara sun tashi, sun koyi gita a kanta, suna zaton haka Frank Beard ke bugu. Sai a 2006 aka dawo da haɗin asali na Tres Hombres da Fandango!, a 2013 kuma aka fitar da kunshin faifansu goma na 1970 zuwa 1990 da haɗin asali. Don haka in kana neman waɗannan faifai a intanet, ka duba shekarar da aka rubuta a jiki, ka nemi na 2006 ko na 2013.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A 2002 aka sake fitar da faifai biyu na farko na Ozzy Osbourne, Blizzard of Ozz na 1980 da Diary of a Madman na 1981, aka cire bas ɗin Bob Daisley da gangar Lee Kerslake gaba ɗaya, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake bugawa, saboda rigimar kuɗin haƙƙi da ke tsakanin tsofaffin makaɗan da gidan Ozzy. Masu sauraro ba su yarda ba, a 2011 aka mayar da na asali. Mutum ya buga ganga yana da ƙarfinsa, a wayi gari an share shi daga aikinsa yana raye yana ji, wannan zalunci ne ko da doka ta yarda.

TAMBAYA daga Tawa

Malam barka da aiki. Ni tela ne a Tawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ne mai buga batri, wato ganguna, a wata orkes ta garinmu a shekarun 1980. Ya bar mana kaset bakwai na waƙoƙinsu, suna cikin akwatin Inna. Wani yaro mai sutudiyo ya ce in ba shi jika ashirin kowane kaset zai share su ya ɗora musu sabon bit, wato bugun ganga na na'ura, don matasa su saurara a TikTok. Ƙanena ya matsa a yi, Inna ta ce kada a taɓa mata kaya. Ni na rasa inda zan tsaya. Me ka gani?

AMSA

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa. Ƙanena, ka gaishe mini da Inna, ka ce mata na fi kusa da maganarta, amma akwatin ma ba zai riƙe mata kayan nan har abada ba. Zafin watan Afrilu da Mayu a Tawa, da ƙurar hunturu, da danshin damina, duk suna cin zaren kaset a hankali. Kaset da ya haura shekara talatin da biyar, kowace bazara tana rage masa wani abu. Abin gaggawa shi ne a juye su a kwamfuta yadda suke, ba ƙari ba ragi. Maganar bit ta jira.

Ga yadda nake yi in irin wannan ya zo teburina, ka nemi wanda zai yi maka haka kana tsaye a kansa. Kafin komai, a ɓalle ƴan kunnuwan roba biyu da ke saman kowane kaset, don ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli ba abin da zai goge. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, sau da yawa gam ɗinsa ya bushe ya faɗi, in babu shi sauti zai fito a dushe. A zura biro a rami a juya da hannu a ji ko zaren na tafiya ba tare da ya manne ba. A goge kan rediyon da ƙafar robar da ke jan zare da auduga da alkol na farmasi, a bar su su bushe. Kada a fara gwada rediyon da kaset ɗin Baba, a sa wani wanda ba a damu da shi ba, in rediyon mai cin zare ne ya ci wancan.

Sai aikin da yawancin yara ba su sani ba. A gefen kan da ke karanta zaren akwai wani ɗan ƙaramin sukuru. Rediyon da aka ɗauki waƙar da shi a wancan lokaci da wanda za a kunna ta da shi yau, kawunansu ba su karkata daidai da juna ba, kuma ɗan bambancin da ido ba ya gani ya isa ya haɗiye duk sautin sama. Nakan sa kaset yana tafiya, in haɗe hagu da dama wuri ɗaya, in ɗora ɗan sukurdireba in juya kaɗan-kaɗan, dama, hagu, ina sauraron simbal, wato faifan ƙarfen da mai ganga ke bugawa. Akwai wurin da za ka kai sai ka ji ƙarfen ya buɗe, "s" ɗin bakin mawaƙi ta fito, sandar mai ganga ta rabu da gita. Nan ake tsayawa. Kowane kaset da nasa wurin, wani ma kowace fuska da nata. Mutane da yawa da ke cewa tsohon kaset ɗinsu ya mutu, wannan sukurun ne kawai ba a taɓa ba.

A ɗauki sautin ta waya, daga mafitar rediyo zuwa kwamfuta, ba a kara salula a bakin lasifika ba. In kwamfutar tafi-da-gidanka ce a cire ta daga wuta a yi da batirinta, don wutarmu mai hertz 50 tana shigar da wani gurnani a ƙasan sauti. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A ajiye a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a saita shi kan 24-bit da kilohertz 48, awa ɗaya za ta ci wajen giga ɗaya. Kada a yanke komai: tarin mutane, gyaran gita, ƙirgen mai ganga kafin a shiga, duk a bar su. A yi kwafi uku a ajiye a gidaje daban-daban, in za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, don in aka tura a matsayin sauti yana iya matse shi. A ɗauki hoton kowane kaset da rubutun da ke jikinsa. Sannan ka zauna da Inna da duk wanda ya rage cikin ƴan orkes ɗin, su gaya maka wa ya buga me, a ina, a wace shekara, ka rubuta. Kaset ɗin kuma su koma akwati, a tsaye, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta.

Na nanata maganar tsayawa a kai ne don abin da na gani. Wata Hajiya ta taɓa zuwa wurina da waƙar marigayi mijinta a salula, an ɗora mata bit, tana son in cire. Na ce ta kawo kaset ɗin. Ta ce sutudiyon da ya yi aikin bai mayar mata ba, da ta koma an ce ya ɓace wajen tashi daga shago. Abin da take nema ma ba waƙar ba ce, wani wuri ne a farko inda mijin ya kira sunan mai bas ya yi dariya kafin su fara. An yanke shi don ba ya cikin kiɗa. Ban iya yi mata komai ba, ta tashi ta tafi.

Yanzu bit ɗin. Kaset layi biyu ne kawai, gangar Baba a cakuɗe take da murya da gita, ba irin faffaɗan tef ɗin Turawa ba ne da za a sauke layi ɗaya a hau da wani. Sabon bit a kan tsohon zai zauna. Shi kuwa Baba mutum ne, in waƙa ta yi daɗi, mata suka shigo fili, hannunsa zai ƙara sauri, in mawaƙi ya shiga kirari zai ja baya ya ba shi wuri. Rediyon da ya ɗauka ma bai tsaya cif a kan santimita 4.76 a daƙiƙa da aka ƙayyade wa kaset ba. Na'ura kuma ba ta san wannan ba, taki ɗaya take yi daga farko har ƙarshe. Kafin a yi minti ɗaya gangunan biyu sun fara tuntuɓe da juna. Mafitar yaron biyu ce: ko ya yanke ƙasan sautin don ya ɓoye gangar Baba, bas ya tafi tare da ita, ko ya daddatse waƙar ya ja nan ya matse can har ta hau kan layin na'ura. Ko wacce ya bi, abin da zai fara fita daga waƙar shi ne hannun mahaifinku, wanda saboda shi kuka ajiye kaset ɗin. Tsohon hoton Baba ne a bango: a goge masa ƙura a canza masa gilashi, wannan kulawa ce, amma a zana masa rigar yayin bana, to ba ranar da aka ɗauki hoton ake kallo ba kuma.

Zai iya ce maka yanzu akwai manhajojin da ke raba murya da ganga daga waƙar da aka gama. Gaskiya ne akwai, da irin wannan fasaha mai haɗa sauti Giles Martin ya sake haɗa faifan ƙungiyar Beatles, Revolver na 1966, a shekarar 2022, kuma babban kunshin da suka fitar ya zo tare da haɗin asali a ciki. Amma su da tef mai tsabta suka yi aiki. A kan kaset mai shuu, abin da nake samu shi ne simbal ta koma kamar tana cikin ruwa, in kuma akwai kalangu ko ƙwarya sai manhajar ta rasa inda za ta kai su, rabi ya bi murya rabi ya bi bas. Haka ma cire shuu ɗin, a yi shi da sauƙin hannu. Kunne yana mantawa da shuu bayan ƴan daƙiƙu, amma ba ya yafe wa murya da aka ƙwaƙule.

Ƙaninku ma yana da gaskiyarsa, yana son a ji Baba, kuma waƙar da ke kulle a akwati ba mai jin ta. Bayan an juye an adana, ku zaɓi waƙa ɗaya ku ba yaron kwafi, ba kaset ba, ya gwada. In ya fito da kyau ku sake shi da sunan rimis, da shekarar da aka yi shi da sunan wanda ya yi, ku saki ta asalin a gefensa rana ɗaya. Abin da na fi so ma shi ne ku nemi matasan makaɗa na Tawa su sake buga waƙar sabuwa fil da nasu salon, ta Baba kuma ta zauna yadda take. Kada ku manta ba Baba kaɗai ke cikin kaset ɗin ba, akwai wanda ya tsara waƙar da sauran abokan kiɗansa ko magadansu. Ku nemi yardarsu, ku kuma tuntuɓi ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, a Yamai kafin ku saki komai. In ka shigo Yamai ka biya cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, akwai tsofaffin hannu a wurin da za su iya gane muryoyin da ke ciki.

TAMBAYA daga unguwar Yantala, Yamai

Kawu ina wuni. Ni mawaƙiya ce, ina waƙa a wuraren biki da mai piyano ɗaya, gangarmu a cikin piyanon take. Na lura a wannan fili kullum kuna yabon masu bugu da hannu. Mu da ba mu da kuɗin ɗaukar makaɗa biyar, kiɗanmu ba kiɗa ba ne ke nan?

AMSA

Lafiya lau ƴata. Kiɗanku kiɗa ne, kuma yana da iyaye a ƙasar nan. Mamman Sani ya zauna da organ ɗinsa ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a 1978, mu da muka tashi da Muryar Sahel da Tele Sahel mun sha jin sautinsa a tsakanin shirye-shirye. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013, duniya ta karɓa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa, waƙoƙin suka riƙa yawo daga salula zuwa salula har suka tsallaka teku. Yau yana da cikakkiyar ƙungiya da mai ganga mai zafin hannu, amma da wani zai ɗauki Anar ya cire na'urar ya sa gangar hannu ya ce wannan ne Anar, zan yi faɗa da shi kamar yadda na yi da masu Six Pack. A wannan faifan na'urar ce ta asali.

An ma yi irin wannan juyin a Ingila. Pink Floyd sun fitar da A Momentary Lapse of Reason a 1987 cike da amon shekarun, a 2019 aka sake haɗa shi da sabon bugun mai gangarsu Nick Mason, aka ƙara fito da piyanon marigayi Richard Wright. Ni sabon ya fi yi mini daɗi a kunne, duk da haka ba zan so a janye na 1987 ba, don shi ne shaidar abin da suka yi a shekarar. Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta Mdou Moctar ɗin: ya fitar da Funeral for Justice a 2024 da gitar lantarki, suka kuma sake buga waƙoƙin da kayan kiɗa marasa wuta, suka fitar da faifan a 2025 da wani suna daban, Tears of Injustice. Mai saye ya san me ya saya.

Abin da zan roƙe ki shi ne ku riƙi na'urar a matsayin kayan kiɗa da ake koyo. Mai piyanonki kada ya danna salo ɗaya ya bar shi yana ta zagaye har a tashi. Ya riƙa taɓa maɓallin sauri yana bin taron, ya sa juyi a inda kika ja numfashi, ya kashe gangar gaba ɗaya in kin shiga kirarin amarya sannan ya dawo da ita. In da hali ku ɗauki mai kalangu ɗaya ko mai ƙwarya ya hau kan na'urar, kuɗinsa bai kai na makaɗa biyar ba, kuma fili zai ji bambanci. In kun shiga sutudiyo kuwa, kada ki fita da waƙar da aka gama kaɗai. Ki ce a ba ki kowane layi daban a WAV, murya, piyano, bas, ganga, a zuba miki a kile USB, ki rubuta samfurin piyanon da lambar salon da saurin da aka yi amfani da su, ki ajiye kwafi a wajen wata ƴar'uwarki da ba gida ɗaya kuke ba.